Daga Tenochtitlan zuwa Lugu: Mas'alar Uzurin Hauka a Tarihin Mamaya

Duk wanda ya bi diddigin abin da marubutan Faransa suka daɗe suna faɗi game da ayarin yaƙin da ya ratsa ƙasar Arewa a shekarar 1899, ya ƙone Lugu ranar 16 ga Afrilu, ya wuce ya yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a farkon watan Mayu, zai tarar da uzuri guda ɗaya yana ta komowa, wato cewa shugabannin ayarin biyu, Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine, zafin ranar ƙasar Sudan ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, saboda haka alhakin jinin da aka zubar yana wuyansu su kaɗai, daular da ta aiko su kuwa ba ta da laifi. Manufar wannan maƙala ita ce a ɗora wannan uzuri bisa ma'aunin ƙiyasi, kamar yadda malaman fiƙihu ke yi idan wata mas'ala ta shige musu duhu, su nemo wadda ta gabace ta, su duba ko illarsu ɗaya ce, sa'an nan su yanke hukunci. Asalin da za mu yi ƙiyasi a kansa shi ne cin daular Aztek da Sifaniyawa suka yi a ƙasar Meksiko tsakanin 1519 da 1521, domin shi ne babin da ya buɗe littafin mamayar Turawa a manyan ƙasashen da ke bayan teku, kuma kusan duk wata dabara da aka yi amfani da ita a kanmu bayan shekara ɗari uku da tamanin, an riga an gwada ta a can.

Hernán Cortés ya tashi daga tsibirin Kuba a watan Fabrairu na 1519 da mayaƙa wajen ɗari biyar da dawakai 16, kuma abin lura na farko shi ne da saɓo ya fita, domin gwamnan Kuba, Diego Velázquez, ya riga ya janye izinin da ya ba shi kafin jiragen su bar gaɓa. Da ya sauka sai ya kafa garin Veracruz, ya sa mutanensa suka naɗa shi shugaba a madadin sarkin Sifaniya kai tsaye, ya nutsar da jiragensa don kada mai rauni ya yi tunanin komawa, ya nufi tsakiyar ƙasa. A Cholula, cikin watan Oktoba, ya tara manyan gari a farfajiyar ɗakin ibadarsu ya sa aka karkashe su tare da dubban jama'a, bisa zargin wani makirci da har yau masana ke jayayya a kan gaskiyarsa. Ranar 8 ga Nuwamba ya shiga Tenochtitlan, birnin da aka gina a tsakiyar tafki, wanda girmansa da kasuwanninsa suka sa sojojin Sifaniya da kansu suka riƙe baki. Sarki Moctezuma ya sauke shi da karimci, amma ba a yi mako biyu ba Cortés ya mayar da mai masaukinsa fursuna a cikin birninsa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi dacewa da mas'alarmu. Gwamnan Kuba ya aiko da Pánfilo de Narváez a shekarar 1520, da rundunar da ta fi ta Cortés yawa, da umarnin ya kamo ɗan tawaye. Cortés ya faɗa masa da dare, ya kama shi, sojojin da suka zo kamu suka juya suka bi wanda aka aiko su kamawa, saboda labarin zinariya. Bayan an kori Sifaniyawa daga Tenochtitlan a daren 30 ga Yuni na wannan shekara, da asarar rayuka mai yawa, sun komo a 1521 tare da dubun-dubatar mayaƙan Tlaxcala da na wasu garuruwan da suka gaji da harajin Aztek, suka yanke hanyar ruwan sha, suka yi wa birnin ƙawanya kusan wata uku, alhali cutar agana, wadda mutanen nahiyar ba su taɓa sani ba, ta riga ta ci ƙarfinsu. Ranar 13 ga Agusta 1521 aka kama Cuauhtémoc, sarkinsu na ƙarshe. An gasa masa ƙafafu da wuta don ya faɗi inda dukiya take, aka rataye shi a 1525. To, mene ne sakamakon mutumin da ya saɓa wa shugabansa, ya yaƙi jakadan hukuma, ya yi kisa a Cholula? Tun da ya cire wa sarki humusinsa na ganima ya aika, kuma ya miƙa masa ƙasa mai faɗi, sai sarki Charles na Biyar ya naɗa shi gwamna a 1522, ya ƙara masa da sarautar gado a 1529. Babu wanda ya ce rana ta taɓa shi.

Yanzu mu komo gida. Ƙasar Arewa, wadda ta shimfiɗe a kwarin da ake kira Dallol Mawri, a yankunan Dogondutsi da Tibiri na yau, tana da tsarin iko mai rassa biyu tun da daɗewa. Akwai sarauta ta Arawa, masu danganta asalinsu ga wani ɗan sarkin Barno, masu doki da takobi da fada, irin ta Matankari; akwai kuma iko na 'yan ƙasa, Gubawa, waɗanda suka riga kowa zama, masu hulɗa da ƙasa da ruwan sama da farauta, kuma ƙololuwar wannan reshe ita ce Sarauniyar Lugu, tare da Bauran Bagaji, da dutsen Tunguma da ake kai wa ƙara idan shari'a ta cije. Ruwayar mutanen Lugu tana cewa sarauniyarsu ta fari daga Daura ta fito. Wannan ƙasa ba baƙuwar yaƙi ba ce, domin ta ƙi miƙa wuya ga daular Sakkwato, kuma lokacin da Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabi a 1849, Arawa da Zabarmawa na cikin waɗanda suka mara masa baya. Saboda haka tsayuwar da Sarauniya Mangu ta yi a 1899 ci gaba ne na wata ɗabi'a da garin ya saba da ita, ta ƙin duk wani iko da ya zo daga waje da niyyar ya mallake shi.

Ayarin da ya tunkare ta kuwa hukumar Faransa ce ta shirya shi, da manufar ya bi iyakar da Faransa da Ingila suka shata a yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, ya kai Tafkin Chadi, ya haɗu a can da wasu ayari biyu, ɗaya daga Aljeriya ɗaya daga Kwango. Turawan cikinsa ba su wuce goma ba. Sauran duka 'yan Afirka ne, sojoji 'yan Sudan ta yamma, da 'yan sa-kai da aka yi wa alkawarin ganima da bayi, da ɗaruruwan 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, akasarinsu daga ƙasar Mosi, da mata da dabbobi, har yawan ayarin ya doshi mutum dubu biyu. A nan ne hujja ta farko take, kuma ita ce mafi ƙarfi. Hukumar da ta aiki wannan taro ba ta ba shi guzurin da zai kai shi ko da rabin hanya ba, ta bar shi ya ci daga abin da ya tarar. Duk wanda ya san Arewa a watan Afrilu, lokacin bazara, ya san ma'anar wannan. Rumbu ya yi ƙasa, abin da ya rage a gindinsa shi ne irin da magidanci ke tattali don shukar farkon damina, rijiya kuma sai an ƙara wa guga igiya, mata na kwana a bakinta suna jiran ruwa ya taru. Idan mutum dubu biyu da dawakansu da shanun da suka kwato suka sauka a irin wannan ƙauye, kafin gari ya waye rijiya ta ƙafe, rumbu ya zama fanko, wanda ya hana kuma an kira shi maƙiyi. Ma'aikatar da ta sa hannu a wannan tsari a Faris ta riga ta hukunta ƙauyukan da ke kan hanya kafin Voulet ya taka ƙasarsu, ko da kuwa shi mutum ne mai tausayi, balle ga shi ba haka yake ba.

Kuma sun san ba haka yake ba, wannan ita ce hujja ta biyu. Shi da Chanoine ne suka ci Wagadugu a 1896, da ƙone-ƙone da kashe-kashe, suka koma gida aka karɓe su da yabo. Wannan aiki ne ya sa aka ga sun cancanci sabon, kuma mahaifin Chanoine janar ne da ya riƙe ma'aikatar yaƙi a 1898. Hujja ta uku ita ce ta tarihi da lokaci. Kisan Sansanin Hausa, a bakin kogin Kwara, inda aka hallaka mutum 101 har da mata da yara, an yi shi ne a watan Janairu na 1899, cikin sanyin hunturu, a farkon tafiya, wata shida kafin ranar da ake cewa hankalin Voulet ya gushe. Wace irin hauka ce ke jiran umarni, ta tsara sahu, ta ƙidaya harsashi, ta rubuta rahoto?

Ƙidayar harsashin nan ma ita ce ta adana mana abin da muka fi tabbata a kansa game da yaƙin Lugu. Laftanar Paul Joalland, mai kula da igwa a ayarin, ya ambaci Sarauniya a taƙaice cikin littafinsa da sunan tsohuwar matsafiya, amma lissafin da aka bari ya ƙaryata rainin: an harba harsashi wajen dubu bakwai, an kashe sojojin ayarin huɗu, an raunata shida, asarar da ba su taɓa yi ba tun da suka baro kogi. Mutanen Lugu, da waɗanda suka gudo wurinsu daga ƙauyukan maƙwabta, sun ja da baya zuwa cikin kurmi mai sarƙaƙiya inda doki ba ya shiga, inda bindiga mai dogon zango ba ta da fifiko a kan kibiya mai dafi, suka tilasta wa sojoji su kutsa a sunkuye cikin ƙaya. An ci garin, an ƙone shi, amma ba a kama Sarauniya ba, kuma bayan ayarin ya wuce jama'a sun komo sun sake ɗaura jinka. Ba na ganin akwai buƙatar a ƙara wa wannan labari gishiri. Ƙauye ne na manoma da mafarauta, ƙarƙashin jagorancin mace, ya tsaya a gaban igwa alhali garuruwan da suka fi shi ganuwa sun watse ko sun kai gaisuwa, kuma wannan kaɗai ya isa abin girmamawa.

Ƙarshen ayarin shi ne inda reshe ya yi kama da asali har abin ya ba da mamaki. Wani hafsa da aka kora daga tafiyar, Laftanar Peteau, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana bayyana abin da ya gani, wasiƙar ta kai ga hukuma, aka umarci Laftanar-Kanar Klobb ya taso daga Tumbutu ya bi sawu ya karɓi shugabanci, daidai kamar yadda aka aiki Narváez. Klobb ya bi ƙonannun ƙauyuka da rijiyoyin da aka cika da gawawwaki, ya ga 'yan mata a rataye bisa itatuwa a Koran Kalgo, ya rubuta duka a littafinsa na tafiya. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsa suka juya masa baya, suka kashe Chanoine ranar 16, shi kuma ranar 17, kaburburansu na Maijirgi. Daga wannan rana ne aka fara maganar hauka. Jinin Sansanin Hausa da na Lugu da na Ƙonni ya jawo bincike ne kawai. Jinin Bature guda ɗaya mai anini a kafaɗa shi ne ya jawo hukunci. Da Voulet ya kama Klobb da rai, ya kai tutar Faransa Tafkin Chadi da hannunsa, babu wani dalili a cikin tarihin Cortés da zai sa mu zaci ba za a rataya masa lambar girma ba.

Shaidar haka ita ce ba a mayar da ko taƙi ɗaya na ƙasar da aka ci ba. Ragowar ayarin, da sojojin nan dai da bindigogin nan dai, ya karya rundunar Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan Yuli, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga daga baya, Joalland da wani hafsa mai suna Meynier suka kai Chadi, suka halarci yaƙin Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900 inda aka kashe Rabeh, kuma su biyun sun mutu suna janar-janar. Majalisar Faransa ta ƙi amincewa da binciken da ɗan majalisa Vigné d'Octon ya nema a 1900. Ƙonni ma, wadda yarjejeniyar 1898 ta bar wa Ingila saboda tana cikin da'irar mil ɗari daga Sakkwato, ta koma hannun Faransa bayan gyaran iyaka na 1904 da 1906. A shari'a, wanda ya barranta daga ɓarawo amma ya riƙe kayan sata, barrantarsa ba ta karɓuwa, kuma wannan shi ne hukuncin da ƙiyasi ya kai mu.

Adalci ya wajabta a faɗi inda mas'alolin biyu suka rabu, don kada ƙiyasin ya ɓaci. Tenochtitlan cibiyar daula ce mai karɓar haraji, mai yanka fursunoni a ɗakunan ibadarta, abin da Sifaniyawa suka riƙe hujja. Lugu ba ta mallaki kowa ba. Annoba ta cinye akasarin mutanen Meksiko cikin ƙarni guda, Arewa ba ta ga irin wannan ba. Sifaniyawa sun rushe ɗakunan ibada sun gina majami'u da duwatsunsu. Faransawa ba su mayar da Arewa Nasara ba, hasali ma a zamaninsu ne Musulunci ya yaɗu a ƙauyukan da takobin jihadi bai iya shiga ba. Amma waɗannan bambance-bambance na girma ne da na addini, ba su taɓa illar da muka gina hukunci a kanta ba. Akwai kuma wani kamanni mai ɗaci da ba ya halatta a ɓoye: kamar yadda mutanen Tlaxcala suka ci Tenochtitlan da hannunsu, haka hannun da ya cinna wa Lugu wuta baƙi ne, kuma wasu sarakunan yankin sun ga maslaharsu a wajen baƙo, ciki har da gidan Zarmakoy na Dosso, wanda ya karɓi Faransawa tun 1898, ikonsa ya faɗaɗa a ƙarƙashinsu. Ba a cin ƙasa da Turawa goma sai da taimakon 'ya'yanta ko na maƙwabtanta.

Game da abin da mamayar ta bari, mulkin mallaka ya ɗauki reshe guda na ikon Arewa, wato sarakuna, ya mayar da su masu karɓar haraji da tara 'yan aikin tilas, ya yi watsi da ɗaya reshen kamar babu shi, domin ofishin kwamanda ba shi da gurbin da zai rubuta macen da ba ta fita ɗakinta, wadda ake zaɓen magajiyarta ta hanyar tarkama, inda ake ɗaukar gawar wadda ta rasu har ta nuna wadda za ta gaje ta. Sunan Mangu ya yi shekara tamanin bai wuce bakin tsofaffin Arewa ba, sai da Abdoulaye Mamani ya wallafa littafinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Waɗannan mutane biyu sun yi aikin da ya cancanci godiya, amma ƙagaggen labari suka yi, da Faransanci Mamani ya rubuta, kuma jarumar da suka zana, matashiya mai ɗamarar yaƙi, ta dace da buƙatar ƙasa mai neman gwarzo fiye da yadda ta dace da dattijuwar da mutanen Lugu ke tunawa. Masana irin su Antoinette Tidjani Alou sun riga sun ja hankali ga wannan tazara. Meksiko ta yi irin wannan kafin mu: ta kafa wa Cuauhtémoc gunki a babban titin birninta a 1887, shugabanta na wancan lokaci López Obrador ya rubuta wa sarkin Sifaniya a 2019 yana neman a ba da haƙuri, aka ƙi, alhali masu magana da harshen Nahuatl, waɗanda sun haura miliyan ɗaya da rabi, na cikin mafi talaucin 'yan ƙasar. A Nijar ma sunan Sarauniya ya hau makarantu da gidan rediyo da jawaban hukuma, garin da ta kare kuwa yana nan ƙaramin ƙauye a gefen hanya, 'ya'yansa na ƙaura.

Akwai wata shubuha da na sha ji daga bakin 'yan'uwana Musulmi, cewa mutanen Lugu Azna ne, masu tsafi da bori, don haka tarihinsu ba namu ba ne. Ina ganin wannan kuskure ne babba. Tunawa da wanda aka zalunta ba yarda da aƙidarsa ba ce, kuma zalunci haramun ne a kan kowa ya faɗa. Wutar da ta ci bukkokin Lugu a watan Afrilu ita ce ta ci gidajen Musulmin Ƙonni bayan mako uku, ba ta tambayi kowa kalmar shahada ba. Wanda ya tsame Lugu daga lissafi ya taimaka wa mai uzurin hauka, domin ya rage masa shaidu.

Wani abu guda Meksiko ta fi mu, kuma shi ne ya fi damuna. Fiye da shekara talatin bayan faɗuwar Tenochtitlan, wani malamin Kirista mai suna Bernardino de Sahagún ya zaunar da dattawan da suka ga yaƙin da idonsu, almajiransa 'yan ƙasa suka rubuta maganarsu da harshen Nahuatl, littafin yana ajiye a birnin Florence har yau, shi ya sa ake iya jin cin Tenochtitlan daga bakin waɗanda aka ci. Mu kuwa, yawancin abin da muke karantawa game da 1899 daga alƙalamin Joalland da Meynier da Klobb ya fito, da kuma binciken baƙi irin su Marc-Henri Piault, wanda ya wallafa tarihin Mawri a 1970. Waɗanda suka ga yaƙin sun ƙare, 'ya'yansu ma sun ƙare, sai jikoki da tattaɓa-kunne, isnadi kuma yana raunana duk lokacin da aka rasa mutum guda a cikin silsilarsa. Saboda haka ina kira ga malaman tarihi na Jami'ar Abdou Moumouni, da cibiyar IRSH, da cibiyar CELHTO da aka kafa a Yamai musamman don adana ruwayoyin baka, su tura ɗalibansu 'yan asalin Arewa zuwa Lugu da Bagaji da Matankari da Ƙonni, su ɗauki maganar dattawa maza da mata da Hausar Arewa yadda ta fito, a rubuta sunan mai ruwaya da na wanda ya ji daga gare shi, a tattara abin da aka riga aka naɗa yana kwance a kaset, a buga shi da Hausa tukuna kafin a fassara shi zuwa wani harshe, a kuma kai kwafin farko makarantar Lugu.